Tsohuwar kwamfutar Baba: yaya zan fitar da rubuce-rubucensa, in haɗa ta da ƴar'uwarta?

Laminu Birni

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon bayani.

Bayan rasuwar mahaifinmu bara, da muka zo gyaran ɗakinsa, sai muka tarar da kwamfutarsa a ƙarƙashin tebur, an lulluɓe ta da tsohon zanen Inna. Mushe ne, wato malamin makaranta, ya daɗe yana koyarwa, daga baya ya koma aikin yaƙi da jahilci. A hannun wani proje da ya rufe ya saye ta, tun ina firamare. Har yau ina jin ƙarar kilabiyenta a kunnena, bayan sallar isha'i yake zama, barci ya ɗauke ni yana bugawa. Na san kaɗan daga abin da ke ciki: darussan karatun Hausa na manya, tatsuniyoyin da ya ɗauka daga bakin kakarmu, da tarihin gidanmu tun zuwan kakanninmu Birni, nan Damagaram.

Jiya na jona ta, ta tashi. 486 DX2 ce mai gudun 66, ƙwaƙwalwa mega 8, MS-DOS 6.22 da Windows 3.11 na Faransanci. Na ga dosiyoyin da idona. Amma ba ta da ramin USB, wurin disket kuma ƙara kawai yake yi, ba ya karanta komai. A bayanta akwai kati mai baki biyu, ɗaya irin na wayar rezo da muka sani, ɗaya kuma zagaye ne na ƙarfe mai ƴan kunnuwa biyu. Ina da wata Pentium II mai Windows 98 da na saya jika goma lokacin da sibar ɗin unguwarmu ya rufe, na daɗe da sa mata direban kile, wato ƴar ma'ajiyar USB, tana karanta shi lafiya. To yaya zan yi su biyun nan su yi magana da juna?

Sani Mai Gyara

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mushe, ya sa aljanna ce makoma. Laminu, kafin komai, daina kunna ta haka kawai don kallo. Diskin da ya kusa shekara talatin, duk tashin da ya yi rabo ne. In za ka kunna, to da aiki a hannu.

Kunnawa ɗaya nake so ka yi yau. Tana tashi ka danna Suppr ka shiga BIOS, wato wurin saitin injin, ka ɗauki hoton shafin farko da wayarka. Lambobi uku nake so: silinda, kawuna, da sassa. Irin waɗannan injuna da hannu ake rubuta musu girman diski, galibi a lamba 47 ta jerin nau'in diski. Ranar da pil, wato batirin da ke riƙe saitin, ya mutu sai su manta, in kuma aka sa lambobin da ba su ba, sai ta ce babu diski alhali yana nan.

Bayan haka cire wayar kuran, buɗe murfin, duba kusa da inda kilabiye ke shiga. In ka ga wani pil mai kamar ƙaramin ganga an liƙe shi da dalma, turo mini hotonsa.

Laminu Birni

Amin Yaya Sani, na gode. Lambobin su ne 1010, 12, 55, ya rubuta mega 325. Pil ɗin kuma ga shi nan, shuɗi, gefe ɗaya ya yi fari-fari kamar kanwa, ƙafarsa ta yi kore.

Sani Mai Gyara

Abin da nake tsoro ke nan, ya fara zuba. Ruwansa cin layukan tagullar babban allon cikin injin yake yi a hankali, kuma layukan kilabiye ne na farko a hanyarsa. Tunda lambobin suna hannunka, yanke shi da filaya yau ɗin nan. Goge wurin da auduga da ɗan binigar, abin da ya zubo ɗin dangin kanwa ne, tsami ke kashe shi. Za ka ga yana ƴar kumfa. In ya lafa ka bi da alkol, ka bar shi ya bushe. Kada ka ce za ka liƙa CR2032, pil ɗin nan mai kamar kwabo, a madadinsa kai tsaye, allon yana tura wa tsohon caji, wannan kuwa ba a cajinsa, sai da diyod a tsakani, mai tare cajin. Yawancin allunan suna da ƴan allurai huɗu a kusa na pil ɗin waje, za mu duba.

Kuma yanzu hunturu ne, iska ta bushe, jiki na tara wuta. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai a ciki.

Ni shawarata mafi sauri, ciro diskin ka kawo mini shago bayan Kasuwar Dole, ina da abin da ke mayar da IDE, wato mahaɗin tsohon diski, zuwa USB, minti goma mun gama.

Alhaji Mamman Sabon Gari

Salamu alaikum. Allah ya gafarta wa malam, ya ba ku haƙuri. Sani ɗana, duk abin da ka faɗa a kan pil daidai ne, amma maganar USB ɗin nan ban goyi baya ba. Waɗannan ƴan na'urorin da LBA suke kiran diski, wato lamba ɗaya ga kowane sashe. Tsofaffin diskoki ƙanana da yawa ba su san wannan ba, silinda da kai da sashe kawai suka sani. Za ka jona, Windows ɗinka na yanzu ya ce diskin ba a shirya shi ba, ya tambaye ka ko ya shirya shi, yaron shago ya danna eh, shi ke nan an yi asara. Na ga an yi haka da idona, ba labari ba ne.

Akwai kuma wani abu. Zamanin nan diski ƙarami ne, mutane na matse shi da DriveSpace. In malam ya yi haka, abin da za ku gani a wata na'ura fayil ɗaya ne ƙato mai suna DRVSPACE.000, komai na cikinsa a ɗaure. Injin da ya ɗaure shi ya fi kowa sanin kwance shi. Don haka a bar diskin inda yake, a fitar da kayan ta waya.

Laminu, tashin Windows ɗin, me aka rubuta a ƙarƙashin tutar? Kuma karanta mini abin da ke jikin katin.

Laminu Birni

Baba Alhaji, an rubuta Windows pour Workgroups. Katin kuma 3Com EtherLink III.

Alhaji Mamman Sabon Gari

Alhamdu lillahi, an rage maka rabin aiki. Wannan Windows ɗin da rezonsa yake zuwa, kuma ya san wannan katin tun daga gida, ba ka buƙatar disket ko ɗaya. Kuma tunda daga ofishin proje ta fito, ina kyautata zaton an riga an saita ta. Buga TYPE AUTOEXEC.BAT ka duba ko akwai layin da ke cewa net start, a CONFIG.SYS kuma ka nemi IFSHLP.SYS. In suna nan, to tana shirye.

Abin da ya rage shi ne yaren da su biyun za su yi magana da shi. Windows 3.11 ba ya zuwa da TCP/IP, yaren intanet, daga baya ake ƙara masa. Abin da ya iya NetBEUI ne da IPX. To kai je ka wajen Pentium II ka ƙara mata NetBEUI a saitin rezo, za ta nemi sidin Windows 98. Babu adireshi, babu lamba, suna kawai: kowace da sunanta, sunan rukuni kuma ɗaya harafi da harafi. Sai ka buɗe Gestionnaire de fichiers a 486, ka raba diskin C gaba ɗaya, karatu kawai ban da rubutu.

Abdul Zango

Ni ban gane ba, ba waya kawai za a sa daga wannan zuwa wancan ba? Ina da wayar rezo mita uku a gida in ana so.

Sani Mai Gyara

Abdul, katunan yanzu suna gane waya su juya da kansu, na da ba sa yi. In babu suwic, akwatin da ke haɗa wayoyin rezo, a tsakani sai waya mai giciye, ƙafa ta 1 ta tafi ta 3, ta 2 ta tafi ta 6, wato lemo da kore su yi musanyar wuri a kai ɗaya. Laminu biyo ta shago gobe in matse maka ɗaya. Baba Alhaji na karɓi gyara a kan USB ɗin, gaskiya ban taɓa gwada shi da diskin da bai kai mega 500 ba.

Laminu Birni

Jama'a na dawo. Layukan da Baba Alhaji ya ce duk suna nan. Na karɓo wayar Yaya Sani, na jona, fitilar katin Pentium ba ta kama ba, kowace kuma ba ta ganin kowa. Sai na lura ita ma Pentium ɗin katinta na da bakin ƙarfen nan zagaye. Na je kasuwa na samu waya mai irin kan, ta kyamarar tsaro, mita biyar, na murɗa kai ɗaya nan ɗaya can. Shiru. Tun la'asar nake kai, har an kira isha'i. Raina ya fara ɓaci, ina tsoron yawan kunnawar nan da nake yi.

Alhaji Mamman Sabon Gari

Kashe ta ka huta, ɗana, abin ya kusa. Bari in yi maka bayani a tsanake, don wannan aikina ne na shekaru kafin in yi ritaya.

Dalilin da wayar Sani ba ta yi ba, katin nan yana ajiye saitinsa a cikinsa, kuma ina ganin ofishin da ta fito da zagayen baki suke aiki, sai aka kulle shi a kai. Ana sauya shi da wani shiri mai suna 3C5X9CFG, amma shirin yana kan disket, disket kuma ba ya karantuwa. To mu bi shi ta inda yake so.

Wannan zagayen baki sunansa BNC, rezonsa kuma 10BASE2. Tsarinsa kamar igiyar shanya ne: waya ɗaya ce doguwa, kowace kwamfuta tana rataye a jikinta. Ba a murɗa waya kai tsaye a kati. Ana sa wani ƙarfe mai siffar T a bakin katin, waya ta shiga ta hannu ɗaya ta fita ta ɗayan. A ƙarshen layin, dama da hagu, dole a toshe hannun da ya rage da murfi mai rezistans, wato abin rage gudun lantarki, na om 50 (om shi ne ma'auninsa). Ko injin biyu ne kacal, T biyu, murfi biyu. In babu murfin, saƙon lantarki yana kaiwa ƙarshen waya sai ya dawo kamar amsa-kuwwa a cikin rijiya, katin ya ɗauka wani ne ke magana tare da shi, ya yi shiru ya jira, ya sake gwadawa, haka har ya gaji. Abin da ke faruwa da kai ke nan tun la'asar.

Na biyu, wayar da ka saya ta om 75 ce, dangin ta talabijin da ta parabol. Ta rezo RG-58 ce, om 50, ta fi ta siriri. Layi ɗaya yana kaiwa mita 185, yana ɗaukar injin 30, tsakanin T da T kuma kada ya gaza rabin mita. Da wannan muka haɗa ofis-ofis, waya na bin gindin bango daga ɗaki zuwa ɗaki. Aibinsa ɗaya ne, mai shara ya ture T guda, gidan duka ya tsaya, ka bi layi da rarrafe kana nema.

Ina da gwangwanin madara cike da su a ɗaki. Aiko yaro.

Sani Mai Gyara

Baba, da izininka, a mita biyar ta 75 ɗin ma za ta wuce in dai murafen suna nan. Na gwada a shago shekarun baya, fayil ya tafi. Kada ya ga kamar kuɗinsa sun tafi a banza.

Alhaji Mamman Sabon Gari

Za ta iya wucewa, ban musa ba. Amma abin da zai kwasa ba shi da na biyu a duniya. Ga ta gaskiyar a gwangwani kyauta, me zai sa mu yi da mai kama da ita? Wasa in za ku yi daga baya, ku yi da duk wadda kuka ga dama.

Laminu Birni

Ƙanena ya karɓo. T guda uku, waya mita huɗu, amma murfi ɗaya ne mai kyau, ɗayan allurarsa ta karye.

Sani Mai Gyara

Kawo karyayyen da wani kan BNC. Rezistans biyu na om 100, masu zane ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa, in aka jera su kafaɗa da kafaɗa suna ba da 50 daidai. Ƙafa ɗaya a allurar tsakiya, ɗaya a jikin ƙarfen, a ɗiga dalma. Ina da su a tsohon allon rediyo.

Alhaji Mamman Sabon Gari

Madalla Sani, haka muke yi in mun je daji babu kaya. In kun haɗa komai, kafin ku kunna, ku zare T ɗaya daga kati, ku sa miltimetir, na'urar auna lantarki, tsakanin allurar tsakiya da jikin ƙarfe. Ya nuna 25 ko kusa da haka. In 50 ya nuna, murfi ɗaya bai taɓa ba ko waya ta tsinke. In ya kusa sifiri, wani gashin waya ya taɓa tsakiya.

Laminu Birni

Allahu akbar. Jama'a ta yi!

Yaya Sani ya rufe shago ya biyo ni gida da miltimetir. Farko 51 ya nuna, ashe ban murɗa murfi ɗaya har ya yi ƙas ba. Da na murɗa sai ya sauka 26. Muka kunna 486, muka kunna Pentium, muka buɗe Voisinage réseau, babu komai. Yaya Sani ya ce a ba su lokaci, jerin sunayen ba ya fitowa nan take. Muka yi sallar magariba muka dawo, sai ga ƙaramin hoton kwamfuta da suna a ƙarƙashinsa: COMPTA2. Sunan da ofishin ya sa mata ke nan, Baba bai taɓa sauyawa ba. Na danna, ga C, ga dosiye mai suna HAUSA, ga TATSUNIY, an yanke sunan don DOS ba ya ɗaukar fiye da harafi takwas.

Mun kwashe diskin kaf, bai kai rabin awa ba. Kuran bai ɗauke ba, alhamdu lillahi, duk da na aro ondilar don tsaro. Yanzu suna kan Pentium, suna kan kile biyu, ɗaya na ba Yayata ta tafi da shi gidanta. Baba Alhaji, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya.

Sai dai ga sabuwa. Na buɗe a kwamfutata ta hannu, rubutun ya fito wani iri. Inda ya kamata a ga ƙasa an rubuta qasa, ɗaki ya zama xaki, ɓarawo ya zama varawo, ƴaƴa kuma ùaùa. A tsohuwar kuwa lafiya lau yake fitowa da lanƙwasarsa. Ko wajen kwafin ne ya lalace?

Nana Hadiza

Yaya Laminu barka, na yi ta bin zancen nan ban sa baki ba sai yanzu da aka zo fagena, aikin buga takardu nake yi. Babu abin da ya lalace. Windows 3.11 bai san ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba, jadawalin haruffansa na harsunan Turai ta yamma ne, gurbi 256 kacal. To dabarar da masu rubuta Hausa suka yi ita ce su samu zubin haruffa, abin da muke kira polis, wanda aka goge hoton q aka zana ƙ a wurinsa, x ya zama ɗ, v ya zama ɓ, tunda Hausa ba ta amfani da su. A Najeriya har yanzu za ka ga rubutu da q da x da v saboda wannan. Mu nan muna da ƙarin ƴ, su da alamar ɗauri da y suke rubuta shi, shi ya sa na Baba ya ɗora ta a kan ù da ke kusa da hannu a kilabiyen AZERTY. Kwamfutar q take ajiyewa, ido ne kawai ke ganin ƙ.

Abu biyu za ka yi. Na farko, a cikin abin da ka kwafa shiga WINDOWS, shiga SYSTEM, nan Windows 3.11 ke ajiye fayilolin TTF, wato na polis. Nemo polis ɗin ka sa a kwamfutarka, rubutun zai fito kamar yadda Baba ya gan shi, ka buga shi a takarda a haka. Na biyu, don ya yi amfani a waya da intanet, sai an musanya haruffan da na ainihi na Unicode, tsarin haruffan da na'urorin yanzu ke amfani da shi. Yi a kan kwafi, kada ka taɓa na asali. Ka sa ya bambanta babba da ƙarami, in ba haka ba Q na farkon jimla zai koma ƙarami.

Amma don Allah kada ka danna a musanya duka ka tafi. Malamin makaranta ne, dole akwai Faransanci a ciki. Na taɓa yi wa wani littafin darasi haka, vendredi ya koma ɓendredi, question ya koma ƙuestion, kwana biyu ina tsincewa. In Baba yana sauya polis in ya zo Faransanci, to ka ce a musanya a cikin polis ɗin Hausa kawai, Word na iya wannan, LibreOffice ma haka.

Laminu Birni

Na samo shi Hadiza, na sa, ya fito tsaf. Na duba kuma, yana sauya polis a Faransancin, sai ƴan wurare da ya manta. Fayil 214 ne a HAUSA kaɗai.

Mushe Zabairu

Laminu, darussan nan kada su tsaya a gidanku. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tare da Faransanci a 1973, kuma malamai irin mahaifinka ne suka ɗauki nauyin abin a wuyansu, yawanci ba littafi, kowa na rubuta nasa. Yawancin abin da suka rubuta ya tafi da disket da gara. In iyali sun yarda, ina so in ga darussan.

Abdul Zango

To yanzu da an gama mai wuyar, mu sa ta a intanet mana! A jawo waya daga ruta, akwatin da ke raba intanet, zuwa Pentium, a ga yadda Facebook zai fito a Windows 98. Kuma me ya sa ba za a haɗa ta da kwamfutarka ta hannu kai tsaye ba, a daina wahalar kile?

Nana Hadiza

Ba zai fito ba Abdul. Internet Explorer 6 ne iyakar abin da Windows 98 ke ɗauka, shafukan yanzu kuma kusan duka suna neman kulle na TLS 1.2 zuwa sama, shi bai iya ba. Shafin kuskure kawai za ka gani.

Sani Mai Gyara

Ana iya zagayewa. Akwai masu sa wata na'ura a tsakiya, ƴar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi ko tsohuwar kwamfuta mai Linux, ita ta karɓo shafin ta sauƙaƙa shi ta miƙa wa tsohuwar. Ni abin ya burge ni, ina so in gwada. Ko 486 ɗin ma akwai tarin shirye-shirye mai suna mTCP da ke aiki a DOS tsura, ka ɗora direban katin, ta karɓi adireshi, ta zama mai raba fayil ta FTP, kowace kwamfutar zamani ta shiga ta ɗauka. Yanzu da rezo ke aiki za mu iya tura mata 3C5X9CFG ta waya, mu buɗe ɗayan bakin.

Alhaji Mamman Sabon Gari

FTP a cikin gida ban ƙi ba. Intanet kuwa ban ga amfaninsa ga injin nan ba. Tun Yulin 2006 aka daina yi wa Windows 98 gyaran tsaro. Kuma Abdul, abin da ka ce na haɗa ta da ta hannu ta hanyar raba dosiye, sai an kunna SMB1, tsohuwar hanyar raba fayil ta Windows, a sabuwar, wanda Windows 10 ya daina sakawa da kansa tun ƙarshen 2017, bayan cutar kwamfuta WannaCry ta bi ta wannan ƙofa a watan Mayun shekarar ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da yawa, har asibitocin Ingila. Ka ga sabuwar za ka raunana don tsohuwar, ita kuma sabuwar ce ke yawo da kai wurin aiki da wifi ɗin mutane.

NetBEUI da kuke gani kamar tsohon yayi, ba ya iya tsallake ruta ko an so. Abin da aka raba da shi a ɗakin nan yake tsayawa. Ni wannan nake so ga injin da ke ɗauke da amanar mamaci.

Abdul Zango

Baba Alhaji na ji, amma in ba za a yi komai da ita ba, ajiyar ta mece ce? Allon nan mai ƙeya ya fi kwamfutar hannu cin kuran nesa ba kusa ba, ga zafin Afrilu na tafe, ɗaki sama da digiri 40. An fitar da rubutun, a ba masu sayen ƙarfe kawai. Ba raini nake ba, tambaya ce.

Mushe Zabairu

Tambayarka a kan hanya take, ƙanena. Ni ga abin da na gani. Ɗalibaina suna haddace cewa rezo na da matakai bakwai, su rubuta a jarrabawa su ci, amma ka ba su waya biyu da kwamfuta biyu su tsaya suna kallonka. Na'urar yanzu tana ɓoye komai, ka jona ta yi, in ta ƙi ba ka san ta inda za ka fara ba. A 486 kuwa kai ne za ka ce wa kati ga adireshinka 300, ga layin kiranka IRQ 10, in ka ba shi 5 alhali katin sauti na kai, sai su yi karo a gabanka. Kai ne za ka yi ta dabara da HIMEM.SYS da EMM386 don ka samu wuri a cikin kilo 640 na ƙwaƙwalwar da DOS ke aiki da ita. Yaron da ya auna 25 ɗin nan da hannunsa, ya cire murfi ya ga ta koma 50, ba zai sake mantawa da rezistans biyu kafaɗa da kafaɗa ba. Ina koyar da wannan lissafin a allo kowace shekara, rabin aji ba sa riƙewa. In ana koya wa yara a kanta awa biyu ranar Asabar, ba za ta cinye kuran ɗin kowa ba.

Abdul Zango

In haka ne ni ma a sa ni a ciki Mushe. An ce wasan Doom na 1993 ana buga shi mutum huɗu ta IPX, ina so in gani da idona.

Sani Mai Gyara

Yana yi, kuma DX2 66 mai mega 8 na ɗaukarsa. Amma in yara za su taɓa ta, diskin mahaifin Laminu ya fita. A sa katin ajiya na CompactFlash a madadinsa, da ɗan abin da ke mayar da shi IDE, yaren ɗaya ne. A nemo ƙarami, don BIOS na wannan zamanin yawanci ba ya ganin sama da mega 504, DOS 6.22 kuma iyakarsa giga 2 a kowane yanki. Zan sa a duba mana a Kano, yarona na shiga mako mai zuwa. Ba ya zafi, ba ya ƙara, ƙura ba ta dame shi ba.

Gargaɗi ɗaya ga duk mai sayo irin waɗannan daga kayan da ake kawowa daga Amurka: duba jan makunnin da ke bayan akwatin wuta kafin ka jona. In yana kan 115 ka ba shi 220 ɗinmu, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi. Biyu aka kawo mini haka bana.

Laminu Birni

Yaya Sani na yarda a cire shi, amma ba yau ba. Ƙarar diskin nan da kake cewa, ita ce nake ji ina yaro. Jiya da daddare na kira Inna ɗakin, na kunna, tana jin ƙarar ta zauna bakin gado ba ta ce komai ba. Na buɗe tatsuniya ta farko na karanta mata daga allon. A ƙasan kowace Baba ya rubuta ranar da kaka ta faɗa masa da wanda ke wurin. A ta uku ya sa sunan Inna, ya ce ita ta tuna ƙarshen waƙar da kaka ta manta. Inna ta ce ba haka waƙar take ba, ya tsallake baiti ɗaya, ta rera shi nan take, na ɗauka a waya. Ta ce in bar injin a ɗakin har mu gama karanta su duka, guda 61 ne. In mun gama sai a sa katin, diskin kuma in naɗe shi in ajiye a akwatinta.

Mushe Zabairu, na yi magana da yayyena, sun yarda da maganar darussan. Hadiza, zan turo miki goma na farko ki duba mini musanyar kafin in ci gaba.

Akwai kuma kwalin disket 30 da wani abu a cikin durowa, wasu an rubuta 1997 a jiki da bik. Su kuma fa?

Alhaji Mamman Sabon Gari

Kada ka sa ko ɗaya a wancan wurin disket ɗin mai ƙara, kan da ya yi datti yana kankare su. Ka tura ɗan makullin kusurwa na kowane ramin ya buɗe, don kada a yi rubutu a kai. Ka zame ƙarfen ka duba faifan a haske, wanda ka ga tabo fari-fari a jiki ware shi gefe. Sani, kana da mai kyau a shago?

Sani Mai Gyara

Akwai biyu, zan goge kawunansu da alkol in gwada da disket ɗina tukuna. Laminu kawo kwalin ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Alhamis kasuwa ce ba zan samu kai ba. Ka zo da Pentium ɗin ma, a kanta za mu karanta.